Zaman Kashe Wando Ma Sai Mai Gata

Kwanan baya na saurari wata tattaunawa a rediyo kan yadda rashin aikin yi ke ƙaruwa a duniya. Mai sharhin ya ɗauko jadawalin ƙasashe yana karantowa daga sama: Afirka ta Kudu sama da kashi 30 cikin 100, Sifaniya sama da kashi 10, Amurka kusan kashi 4, Japan ƙasa da kashi 3. Da ya gangaro can ƙasa sai ga Nijar da Burundi da Kambodiya sun jeru kusa da Katar, kowace da kusan kashi 1 ko ma ƙasa da haka. Bawan Allah bai ko ɗan dakata ba. Cewa ya yi ashe ƙasashen da ake rainawa suna da darasin da za su koya wa Turai, abokin hirarsa kuma ya gaskata shi.

Abin ya tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke wannan karatun ba. Ministoci na yi, 'yan jarida na yi, 'yan adawa ma na yi a ranar da lambar ta yi musu daɗi.

Ni a ganina wannan jadawali ba ya nuna ƙasar da ta fi samar wa mutanenta aiki. Abin da ya fi nunawa shi ne yawan mutanen da ke da halin zama su jira aiki. Wanda bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba, ba ya zaman jira, kuma da zarar ya fita ya yi ɗan buga-buga an cire shi daga sahun marasa aiki. Don haka jera Nijar da Jamus a layi guda a ce wannan ta fi waccan, daidai yake da auna tsawon mutum da sikeli. Lamba dai za ta fito.

Yadda ake ƙirgen

Ma'aunin da yawancin ƙasashe ke bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'aikatan ƙididdiga suna bi gida-gida da tambayoyi, kuma kafin a rubuta mutum a cikin marasa aikin yi sai sharuɗɗa uku sun haɗu a kansa. Bai yi wani aikin neman kuɗi a makon da ake tambaya a kansa ba, ko da na awa ɗaya. Ya nemi aiki a 'yan makonnin baya. Kuma in aka kira shi zai iya farawa nan kusa.

Awa ɗaya fa. Saurayin da ya ɗauki kayan wani a tasha ranar Talata aka ba shi 'yan canji, ya koma gida ya kwanta sauran makon, mai aiki ne. Wanda ke tsaye bakin titi yana goge gilashin motoci ko an sa shi ko ba a sa shi ba, mai aiki ne. Yarinyar da ke taya mahaifinta tsare shago ba tare da an biya ta ko sisi ba, ita ma an rubuta ta cikin masu aiki. Duk layinsu ɗaya da likita da matuƙin jirgin sama.

Sai ɗaya gefen. Wanda ya yi ta yawon kai takardu har takalminsa ya cinye, ya gaji ya daina, shi ba a ƙirga shi cikin marasa aiki, don ya faɗi sharaɗi na biyu. An fitar da shi daga lissafin baki ɗaya. Ke nan idan mutane suka yanke ƙauna, lambar sauka take yi.

Ku tuna da Muhammad Bouazizi, matashin nan ɗan shekara 26 na garin Sidi Bouzid a Tunisiya, wanda ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba, 2010, bayan jami'ai sun ƙwace masa kayan sana'a. Daga nan wutar juyin juya halin ƙasashen Larabawa ta kama, kafin wata guda ya cika Shugaba Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya bayan shekara 23 a kan mulki. An yi ta kiran Bouazizi alamar matasan da suka rasa aikin yi. To amma da ma'aikacin ƙididdiga ya tare shi a wancan makon, cikin masu aiki zai rubuta shi, domin yana da baron da yake tura kayan marmari.

Wa ke da halin zama?

A Jamus, wanda ya rasa aiki bayan ya daɗe yana biyan kuɗin inshora yana karɓar kimanin kashi 60 na albashin da yake kai wa gida, kashi 67 in yana da ɗa, galibi har tsawon shekara guda. A yawancin jihohin Amurka ana biyan irin wannan tallafi har mako 26. Injiniyan da kamfaninsa ya rufe zai iya zama ya duba, ya ƙi wannan, ya ƙi wancan, har ya samu abin da ya yi daidai da iliminsa. A duk waɗannan watannin yana cikin lissafin marasa aiki, kuma firijinsa da abinci.

A ƙasar da babu wannan tsari fa? Wanda aka sallama ranar Litinin, kafin Alhamis ya ari babur, ko ya kasa wani abu a bakin hanya, ko ya koma gonar gado. Ba don yana so ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta ce mutum kusan biliyan 2 ne a duniya ke irin wannan aiki marar rajista, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun haura kashi 80 cikin 100 na masu aiki. Wannan shi ne sirrin kashi 1 ɗin da aka yaba. Talauci ne ya kai matakin da ba ya barin kowa ya zauna.

Abin da ya fi tabbatar mini da haka shi ne abin da ake gani a cikin ƙasa guda. Wani rahoto kan Indiya da Ƙungiyar Ƙwadago ta taya fitarwa a 2024 ya nuna rashin aikin yi tsakanin matasa masu digiri ya kai kashi 29.1, alhali tsakanin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba kashi 3.4 ne kacal. Kusan ninki tara. Irin wannan fasali ana ganinsa a Masar da Tunisiya da wasu ƙasashe masu tasowa da dama.

Wasu da sun ji haka sai su ce ka gani, boko ba shi da amfani. Wannan ma karatun baibai ne. Gidan da ya iya ɗaukar nauyin yaro har ya gama jami'a, sau da yawa zai iya ci gaba da ciyar da shi shekara ɗaya ko biyu yana jiran kiran aiki. Ɗan lebura ba shi da wannan gatan, tun yana shekara goma sha biyu yake cikin “masu aiki”. Ba ina raina wahalar mai digirin ba ne. Zama a ɗakin uwa da kwali a akwati, ƙannenka suna kallonka, ciwo ne da ke cin mutum ta ciki. Amma in za a faɗi gaskiya, a tsakanin su biyun wanda lissafi ya kira mai aiki shi ya fi kwana da yunwa.

Ranar da lamba ta sauya cikin dare

Najeriya ta ba duniya misalin da ya kamata a riƙa koyarwa a aji. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3, abin da ya sa ƙasar cikin na gaba-gaba a duniya. Aka yi shiru sama da shekara biyu. A watan Agustan 2023 hukumar ta dawo da sabon rahoto: kashi 4.1 a farkon shekarar. Babu wata masana'anta da aka buɗe da za ta haɗiye miliyoyin mutane a wannan tsakanin. Ma'auni aka sauya. A tsohon tsari, duk wanda ya yi aiki ƙasa da awa 20 a mako marar aiki ne. A sabon tsari an koma ga awa ɗaya, kamar sauran duniya.

An yi ca a kan hukumar, ana cewa ta dafa alƙaluma. Ni ban ga ƙarya a ciki ba, don ta faɗi abin da ta yi a fili, kuma a cikin rahoton ta rubuta cewa sama da kashi 90 na masu aikin duk a ɓangaren da ba shi da rajista suke. Laifin yana kan wanda ya ɗauki kashi 4.1 ya hau mumbari da shi, ya bar kashi 90 ɗin a shafi na gaba.

Ruwanda kuwa tafiyar ta bi ta ɗaya hannun. A 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya ya yanke cewa manomin da ke noma don cin gidansa kawai, ba don sayarwa ba, a daina ƙirga shi cikin masu aikin samun kuɗi. Da Ruwanda ta fara aiki da wannan ƙa'ida a binciken da ta soma a 2016, lambarta ta tashi daga ƙasa da kashi 4 zuwa sama da kashi 15. Mutanen nan dai su ne, gonakin su ne. Wanda zai ɗora Ruwanda kusa da maƙwabciyarta Burundi ya ce Burundi ta fi ta samar da aiki ninki goma sha biyar, ai sai a duba lafiyarsa.

Akwai kuma inda gwamnati ce ke jin kunyar lambar. A Chaina rashin aikin yi tsakanin matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 a watan Yunin 2023. A watan Agusta hukuma ta ce ta dakatar da fitar da wannan adadi. Da ta dawo da shi a Janairun 2024 ta cire ɗalibai daga lissafin, lambar ta koma kashi 14.9. Hujjar cire ɗaliban ba ta banza ba ce, amma me ya sa ba a tuna da ita ba sai a watan da lambar ta kafa tarihi? A Indiya ma, a farkon 2019, rahoton da ya nuna kashi 6.1, mafi muni cikin shekara 45, an riƙe shi har sai da jarida ta bankaɗo, mutum biyu suka ajiye muƙamansu a hukumar da ke sa ido kan ƙididdiga, kuma ba a fitar da shi a hukumance ba sai bayan an gama zaɓe.

To, a jefar da alƙaluman ke nan?

A'a. Masu cewa duk ƙididdiga ƙarya ce su ma ba na tare da su, kuma galibi ragwancin karatu ne ke sa su faɗin haka.

A ƙasar da yawancin mutane ke cin albashi, wannan lamba tana da kaifi sosai. A Sifaniya kusan kashi 8 take a 2007, lokacin da ake ta gina gidaje da bashin banki kamar ba gobe. Da harkar gine-ginen ta rushe, lambar ta hau har ta wuce kashi 26 a 2013, tsakanin matasa kuma ta haura rabi. Girka ta kai kusan kashi 27 a wannan shekarar, tana tsakiyar matakan tsuke bakin aljihu da masu ba ta bashi suka gindaya mata. A nan babu wata dabarar lissafi. Mutane ne da ke da aiki jiya, yau babu, kuma lambar ta faɗi gaskiyarsu.

Amfanin lambar shi ne ka auna ƙasa da kanta, bana da bara, da ma'auni guda. Nan ne take faɗa maka ko abubuwa na gyaruwa ko suna lalacewa.

Ko a tsakanin masu arziki ma sai an yi hattara da kwatance. Da korona ta zo, Amurka ta tashi daga kashi 3.5 a Fabrairun 2020 zuwa kashi 14.7 a Afrilu, aiki sama da miliyan 20 ya salwanta cikin wata guda. A Jamus lambar ba ta yi irin wannan tsalle ba, ko kusa. Shin cutar ta tausaya wa Jamusawa ne? Shagunansu ma a rufe suke. Bambancin shi ne gwamnatin Jamus ta biya kamfanoni wani ɓangare na albashi don su rage awoyin aiki maimakon su kori mutane, kuma kusan ma'aikata miliyan 6 ne suka shiga wannan tsari a watan Afrilu. Ba'amurke na zaune a gida yana karɓar kuɗin gwamnati, sunansa marar aiki. Bajamushe na zaune a gida yana karɓar kuɗin gwamnati, sunansa ma'aikaci.

Wani zai ce to a ɗaga awa ɗayan mana, a mai da ita ashirin kowa ya huta. Na taɓa ganin ƙarfin wannan magana, amma tana da nata ramin. Ɗalibai da iyaye mata da tsofaffi a ƙasa irin Holan, waɗanda da kansu suka zaɓi aikin 'yan awoyi, duk za su zama marasa aiki a takarda. Sannan mai tura baro da ke fita tun asuba har dare, awa 70 a mako, ya dawo da abin da bai kai na abinci ba, har yanzu dai cikakken ma'aikaci ne. Matsalarsa ba ƙarancin awoyi ba ce.

Afirka ta Kudu fa?

Wannan ce tambayar da ta fi ƙarfi a kan abin da nake faɗa. In talauci ne ke hana zama, ya aka yi ƙasar da ke da miliyoyin talakawa take da sama da kashi 30, har ta taɓa haura kashi 35 a ƙarshen 2021? In an haɗa da waɗanda suka gaji da nema, lambar ta wuce kashi 40. Tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 kuwa ana maganar kusan shida cikin goma.

Amsar tana cikin tarihinta. Ƙofofin da talakan wasu ƙasashe ke faɗawa in aiki ya ƙare, a can an toshe su da gangan. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kusan kashi 7 na ƙasar, daga baya a 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. Manufar ita ce a raba su da noma don su zama leburorin ma'adinai da gonakin Turawa. Mulkin wariyar launin fata ya takura wa baƙar fata wajen kasuwanci, ya kuma jibge su a unguwanni masu nisa da tsakiyar birane, inda kuɗin motar zuwa neman aiki kaɗai ya isa ya hana mutum fita. Da aka zo 1994 dokokin sun tafi, amma taswirar ta zauna.

Sai ma'adinan da aka tanadi baƙar fata domin yin aiki a cikinsu suka fara tsukewa. Haƙar zinariya da ke ɗaukar kusan mutum rabin miliyan a ƙarshen shekarun 1980, yanzu ba ta wuce kusan dubu ɗari ba. Ga matsalar ɗauke wuta da ta gurgunta masana'antu shekara da shekaru. Babu gonar komawa, kasuwar bakin titi kuma ƙarama ce idan aka kwatanta da sauran Afirka, manyan kantuna sun riga sun mamaye har cikin unguwanni.

Abin da ke riƙe gidaje da yawa shi ne kuɗin tallafin gwamnati, na tsofaffi da na yara. Fanshon kaka guda yakan ciyar da jikoki da manyan 'ya'ya. Masu cewa wannan tallafi ne ya sa mutane lalaci, su duba nawa ne. Tallafin marasa abin hannu da aka ƙirƙiro lokacin korona rand 350 ne a wata, aka ƙara shi zuwa 370 a 2024, wato kusan dala ashirin a lokacin. Wa zai ƙi albashi saboda wannan?

Don haka Afirka ta Kudu ba ta rushe maganata ba. Bala'inta na gaske ne, kuma babba. Abin da ya bambanta ta da ƙasashen da ke ƙasan jadawali shi ne nata a fili yake, ana ƙirga shi duk wata uku, ana faɗa a kansa a majalisa. Na wasu an lulluɓe shi da tiren talla.

Waɗanda suka tura nasu waje

Katar ba ta da marasa aiki saboda dalili mai sauƙi. Mafi yawan mazaunanta baƙi ne 'yan ci-rani, kuma zamansu a ƙasar rataye yake da aikinsu. In aiki ya ƙare, jirgi. Marar aikin Katar yana Nepal ko Bangaladesh ko Kenya, a can za a ƙirga shi, in ma an ƙirga.

Ƙasashen da ke tura mutanen ma lambarsu na samun sauƙi ta wannan hanya. Kuɗin da 'yan Nepal ke aikowa gida daga waje ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Girka da ta ga lambarta na sauka bayan 2013, wani ɓangare na saukar dubban ɗaruruwan matasanta ne da suka tattara suka tafi Jamus da Ingila da sauransu. Japan kuma tsufa ne ke taimakonta: kusan kashi 30 na mutanenta sun kai shekara 65, masu barin aiki sun fi masu shigowa, ga kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ba na dindindin ba ne.

Mata kuwa nasu ya fi ɓacewa. A Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, kusan mace ɗaya cikin biyar ce ke cikin lissafin masu aiki ko masu nema. Sauran huɗun babu su cikin masu aiki, babu su cikin marasa aiki. Wasu zaɓinsu ne, kuma ba ni da ta cewa. Amma da yawa da a ce akwai abin hawa mai aminci da wanda zai riƙe musu yara, da sun fita. Ranar da suka fara nema, lambar ƙasarsu za ta hau, wasu kuma su ce abubuwa sun lalace.

Da babu gara ba daɗi

Haka wasu za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai goge takalmi da ke ciyar da 'ya'yansa da guminsa ya fi ƙarfin a tausaya masa daga nesa, ba kuma na cikin masu ganin sai aikin ofis ne aiki. Damuwata ba da shi ba ce. Damuwata da gwamnatin da ke fakewa da guminsa, ta ɗauki abin da ya yi don kada ya mutu ta rubuta a cikin nasarorinta.

In kana son sanin ko mutane sun gamsu da “aikin” da lissafi ya ce suna da shi, ka duba abin da ke faruwa ranar da aka tallata aikin albashi. A Indiya, mutum kimanin miliyan 12 da rabi suka nemi gurabe kusan dubu 35 a hukumar jiragen ƙasa, rikicin sakamakon jarrabawar ya kai ga ƙona taragu a jihar Bihar a Janairun 2022. A Najeriya, ranar 15 ga Maris, 2014, mutum sama da dubu ɗari biyar aka gayyata filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, a kan gurabe da ba su kai dubu biyar ba, aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsutsu. A Bangaladesh, inda lambar hukuma ba ta kai kashi 5 ba, rigimar kason aikin gwamnati ce, kashi 30 da aka ware wa zuriyar mayaƙan 'yancin 1971, ta fito da ɗalibai kan titi a 2024, har Firaminista Sheikh Hasina ta bar ƙasar ranar 5 ga Agusta. Ƙasar da ke da wadatar aiki ba ta kifar da gwamnati a kan gurbin akawu.

Shi ya sa in aka kawo mini lambar wata ƙasa, tambayoyina daban ne. Mutum nawa cikin goma ke karɓar albashi a ƙarshen wata? Nawa suke samu, kuma ya isa haya da abinci? Matasa nawa ne ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a? Wannan na ƙarshen ana ƙirga shi, kuma a duniya kusan matashi ɗaya ne cikin biyar, biyu cikin ukunsu mata. Ita kanta Ƙungiyar Ƙwadago ta san gejin ma'auninta. A 2024 ta ce marasa aiki a duniya miliyan 183 ne, amma in an haɗa duk masu son aiki da ba su samu ba, sun kai miliyan 402. Fiye da rabinsu ba sa cikin lambar da ake karantawa a labarai.

Akwai ma abin da zai ba wasu haushi: ƙasa matalauciya da ta fara gyaruwa, mai yiwuwa lambarta hawa za ta yi. Yara sun daɗe a makaranta, sun ƙi komawa fartanya, sun shigo birni suna neman abin da ya fi, gida ya samu ɗan ƙarfin jiransu. Shugaban da ke tsoron wannan hawan zai fi son kowa ya zauna inda yake.

Bankin Raya Afirka ya daɗe yana cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ne ke isa shekarun neman aiki a nahiyar duk shekara, alhali aikin albashi mai rajista da ake samarwa bai wuce miliyan 3 ba. Ragowar miliyan bakwai zuwa tara ba za su zauna ba, don ba su da halin zama. Za su hau babur, za su kasa kaya, wasu su nufi hamada ko teku. Waɗanda suka tsaya, ma'aikacin ƙididdiga zai zo ya tambaye su ko sun yi aikin awa ɗaya a makon jiya, su ce sun yi.